Na Sayi Firiza Mai Aibi, Mai Shago Ya Ce Ba A Dawo Da Kaya

Tambaya: Malam, na sayi firiza ta hannu a kasuwar Sabon Gari don sana'ar ƙanƙara da zoɓo. Kwana biyar tana aiki, sai ta daina daskarewa. Mai gyara ya buɗe ya ce bututun gas ɗinta tsohon liƙi ne, an shafe shi da fenti. Na koma, mai shagon ya nuna min rasit an rubuta ba a dawo da kaya. Ina da haƙƙi a Shari'a?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Malama, kina da haƙƙi. Malaman fiƙihu suna kiran wannan zaɓin aibi: duk wanda ya sayi kaya, daga baya ya ga aibin da ke rage darajarsu, aibin kuma yana nan tun kafin ciniki, ba a faɗa masa ba, ba kuma irin wanda ido ke gani ba ne, to yana da zaɓi. Ibnu Abi Zaid ya kawo hukuncin a Risala: ko ya riƙe kayan a kan kuɗin da ya biya, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ragin farashi ba ya zama dole a kan mai shago muddin firizar tana yadda kika ɗauko ta, sai dai in kun yi sulhu a kai.

Asalin wannan shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Fentin da aka shafa a kan liƙi da busasshen hatsin da aka ɗora a kan jiƙaƙƙe, ai duk kanwar ja ce.

Rubutun rasit kuwa ba ya kare mai shagon. A mazhabar Malikiyya, sharaɗin kuɓuta daga aibi a dunƙule, wato mai sayarwa ya ce ba ruwansa da duk aibin da aka gani daga baya, ba ya aiki a irin waɗannan kaya, balle in mai sayarwa ya sani ya ɓoye. Da ya nuna miki wurin ya ce nan an taɓa liƙewa, kika ce kin yarda, da magana ta ƙare. Cewa kayan hannu ne kawai bai wadatar ba; tsufa kika yarda da shi, ba yoyon gas ba.

Sai dai ki kula da abu biyu. Tunda kin ga aibin, ki daina amfani da ita, don ci gaba da aiki da kaya bayan sanin aibinsu alamar yarda ce, tana zubar da zaɓi. Sannan in mai shagon ya musanta cewa aibin tsoho ne, masana sana'ar ake kira su duba. In sun kasa tantancewa, maganarsa ake ɗauka tare da rantsuwa. Cinikin ƙanƙarar da kika yi a kwana biyar ɗin nan naki ne, ba ya da kaso, saboda hadisin Nana A'isha (RA) cewa amfani yana bin lamuni, wato wanda asarar kaya take wuyansa in sun salwanta, shi ke da amfaninsu.

Ki fara da shugabannin layinsu a kasuwa, su ne suka fi sanin halin junansu. In abin ya gagara, akwai Hisbah, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, akwai kotun Shari'a. Ki adana rasit ɗin, ki kuma tafi da mai gyaran.

Wallahu a'alam.