Tambaya da Amsa: Gwajin Mayar da Sigina a Layin E1

Tambaya: Layinmu na E1 (layin sadarwa na dijital mai ɗaukar kiran waya da bayanai) yana yawan katsewa. Yaya zan gano inda matsalar take ba tare da na je can ƙarshen layin ba?

Amsa: Malam, fara da naka ɓangaren. Juya siginar a cikin na'urarka, wato ka sa abin da take aikawa ya dawo mata kai tsaye ba tare da ya bi layin ba. In ta dawo lafiya, sai ka umarci na'urar nesa ta mayar maka da duk abin da ka aika. Tura jerin gwaji na 2^15-1 (wani tsararren jerin lambobin 0 da 1 da ake gwada layi da shi) na tsawon minti 15, ka ƙirga kurakurai. In gwajin cikin na'urarka tsaf ne amma na nesa ya kawo kuskure, laifin yana kan hanya ko a na'urar can. Saita agogon sigina (abin da ke daidaita lokacin aikawa da karɓa) a kan na cikin na'urarka, don in kowanne ɓangare yana jiran na ɗan'uwansa, kurakuran ƙarya za ka gani. Kana gamawa ka warware juyin, in ba haka ba layin zai zauna a toshe.