Shin a Taron Nikiya Aka Zaɓi Littattafan Sabon Alkawari?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun tarihi a jami'a. Na sha jin ana cewa a taron Nikiya na shekarar 325 Sarki Kustantin ya tara shugabannin coci, suka zaɓi Linjila huɗu daga cikin masu yawa, suka ƙone sauran, har da ta Barnaba. Abokaina Kirista sun ce ƙage ne, wasu Musulmi kuma sun ce haka aka yi. Me masana tarihi suka tabbatar?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Wannan magana ta daɗe tana yawo, a Turai da Amurka ma akwai masu rantsuwa da ita. Sai dai masanan tarihin Kiristanci na farko, masu bin addinin da waɗanda ba sa bi, bakinsu ɗaya ne: taron Nikiya bai zaɓi littattafan Sabon Alkawari ba.

An yi taron a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya. Kustantin ne ya kira shi, bishop-bishop sama da 200 suka halarta, galibinsu daga gabashin daular Rum. Abin da ya tara su rikici ne da ya ɓarke a Iskandariya tsakanin wani limamin coci mai suna Ariyus da bishop ɗinsa: shin Almasihu halitta ne wanda akwai lokacin da babu shi, ko kuwa asalinsa ɗaya da Allah Uba? Takardun da taron ya bari suna hannunmu, wato bayanin aƙida, da dokoki 20 na tafiyar da coci, da wasiƙu kan rikicin da kan ranar bikin Ista. Babu jerin littattafai a cikinsu. Yusibiyus na Kaisariya da Atanasiyus na Iskandariya duk sun zauna a wurin, duk sun yi rubutu a kansa, ba wanda ya ce an kaɗa ƙuri'a kan Linjila. Hasali ma Ariyus da abokan hamayyarsa da littattafai ɗaya suke kafa hujja, kowa na janyo ayoyin Bisharar Yohanna da wasiƙun Bulus zuwa ɓangarensa.

An ƙone littattafai a wancan zamani, amma a duba na wa. Bayan taron Kustantin ya ba da umarni a ƙone rubuce-rubucen Ariyus. Kafin nan kuma, a 303, Sarki Diyokletiyan ya sa an ƙwace littattafan Kirista masu tsarki an cinna musu wuta lokacin da yake tsananta wa masu bin addinin. Labarin zaɓen Linjila kuwa daga wani littafin Girkanci na ƙarshen ƙarni na 9 ya fito, sama da shekara 500 bayan taron. A ciki aka ce an jibge littattafai kusa da bagadi aka yi addu'a, sai na gaskiya suka hau kan tebur, na jabu suka zauna a ƙasa. Marubucin Faransa Voltaire ya ɗauko labarin a ƙarni na 18 don ya yi wa coci ba'a, daga nan ya bazu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce shaidun da suka riga Kustantin haihuwa. Wajen shekarar 180 Irenayus, bishop ɗin Liyon a Faransa ta yau, ya rubuta cewa Bishara huɗu ce, ba ƙari ba ragi, ya kuma jera su: Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Tsakanin maganarsa da taron Nikiya akwai kusan shekara 145. Gab da wannan lokaci Tatiyan, mutumin yankin Siriya, ya narkar da waɗannan huɗun ya mai da su labari guda, wanda cocin Suriyanci suka yi ta karantawa tsawon ƙarnuka. Kafin su, wajen 150, Yustin, wani malamin Kirista a birnin Rum, ya bayyana cewa ranar Lahadi ana karanta tarihin da manzanni suka bari tare da littattafan annabawa.

Sannan ga takardun kansu. Busasshen yashin Masar ya adana rubutun da aka yi a kan papirus, takardar da ake yi da wata irin ciyawar bakin Kogin Nilu. Akwai ɗan guntun Bisharar Yohanna da bai kai tafin hannu ba, yana Manchester, masana suna kiransa P52, akasarinsu suna sa shi a ƙarni na 2. P46 tarin wasiƙun Bulus ne na wajen shekarar 200. P75 ya haɗa Luka da Yohanna a littafi ɗaya, yanzu yana ɗakin karatu na Vatikan. P45, na ƙarni na 3, yana ɗauke da guntayen Bishara huɗu da Ayyukan Manzanni a ɗinke wuri guda. Masana suna gane shekarun waɗannan takardu ne ta hanyar gwada salon hannun marubucin da na wasu takardu masu kwanan wata, don haka akan samu tazarar shekara 50 ko fiye a lissafi. Ko da an ja lissafin zuwa ƙarshensa, mafi yawansu sun girmi taron Nikiya.

Kada wannan ya sa ka ɗauka komai a shirye yake tun farko. Wajen 144 wani malami mai suna Marsiyon ya ɓalle daga cocin Rum da nasa kundin, Bisharar Luka da ya yi wa gyara da wasiƙun Bulus 10, ya watsar da Tsohon Alkawari baki ɗaya. Yusibiyus, a tarihin coci da ya kammala daidai zamanin Nikiya, ya kasa littattafai kashi-kashi: waɗanda kowa ya yarda da su, da waɗanda ake gardama a kansu, irin su Yaƙub, Yahuda, Bitrus ta biyu, Yohanna ta biyu da ta uku, da waɗanda ya ce ba na asali ba ne. Littafin Wahayi ya rasa inda zai ajiye shi, har ya ambace shi a kashi biyu. Jeri na farko da ya zo daidai da littattafai 27 na yau yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus ya aika wa cocin Masar a 367, shekara 42 bayan Nikiya. In da an yanke hukunci a 325, da bai buƙaci rubuta ta ba. Tarukan Hippo a 393 da Kartej a 397, duka a Arewacin Afirka, sun amince da jerin, amma fassarar Suriyanci da ake kira Peshitta ta ci gaba da littattafai 22 kacal.

Wasu Linjiloli fa? Akwai su, ba mai musu. A 1945 manoma suka tono tulu kusa da Nag Hammadi a Masar, cike da littattafan Kibɗanci, cikinsu har da Bisharar Toma mai ɗauke da zantuttuka 114 da aka jingina wa Yesu. Yadda irin waɗannan suka fita daga coci ya bayyana a labarin Serafiyon, bishop ɗin Antakiya, wajen shekarar 200. Ya tarar da wata jama'a tana karanta Bisharar Bitrus, ya ƙyale su. Da ya samu kwafi ya karanta da kansa, ya ga koyarwar da bai aminta da ita ba, sai ya rubuta musu ya ja kunnensu. Ikon shugabanni ya yi aiki, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Amma a zamanin da kowane kwafi da hannu ake rubuta shi, littafin da aka daina karantawa a coci ba ya samun mai kwafa, sai ya ɓace ko ba a ƙone shi ba.

Batun Barnaba yana bukatar natsuwa, domin abu biyu ake cakuɗawa. Akwai Wasiƙar Barnaba, tsohuwa ce ta ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, kuma ba a ƙone ta ba. Tana nan a ƙarshen kundin Sina'i, wani tsohon kwafin Littafi Mai Tsarki da aka rubuta da hannu a ƙarni na 4. Linjilar Barnaba da ake yawo da ita daban ce. Kwafinta mafi tsufa da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16, yana Viyana, aka fassara shi zuwa Turanci a 1907, zuwa Larabci a 1908. Akwai wani jerin haramtattun littattafai na ƙarni na 6 da ya ambaci Bishara da sunan Barnaba, amma babu abin da ya haɗa wancan suna da wannan littafi. Abin da ke cikinsa ma ya tona zamaninsa: ya ce ana bikin Jubili, wato shekarar yafiya, duk shekara 100, alhali a Attaura duk shekara 50 ne, kuma Paparoma Bonifas na 8 ne ya kafa na shekara 100 a 1300. Ya sa Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu. Ya kuma sa shi yana cewa shi ba Almasihu ba ne, abin da ya saɓa wa Alƙur'ani kansa.

In kana neman inda masana ke tafka muhawara ta gaske, ka duba bambancin da ke tsakanin kwafi da kwafi. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus babu su a kundin Sina'i da na Vatikan, wani tsohon kwafi irinsa, a 16:8 littafin ya tsaya. Labarin matar da aka kama da zina, Yohanna 7:53 zuwa 8:11, babu shi a P75 da waɗancan kundaye biyu. Fassarori da yawa na zamani suna nuna haka a ƙasan shafi. An ɗauki hoton kundin Sina'i shafi-shafi an sa a intanet kyauta, za ka iya buɗe ƙarshen Markus ka ga inda marubucin ya ajiye alƙalami kafin Luka ta fara.