Wata 11 ina rubuta manhaja, har yanzu ɗan sitaji ake ce mini: haka aikin yake ko'ina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama karatun kwamfuta a nan Yamai, wata 11 ke nan ina aiki a wani kamfani mai rubuta manhajoji ga ƙungiyoyi da 'yan kasuwa. Mu 14 ne. Ba ni da kwantaragi a rubuce, ɗan sitaji ake kirana, ana ba ni jika 120 a hannu ƙarshen wata. Mai kamfani yakan turo aiki ta WhatsApp da ƙarfe 11 na dare, da safe ya tambayi ina aka kwana. Satin da ya wuce manhajar wani mai hulɗa da mu ta tsaya, aka tara mu aka ce laifina ne. Manyanmu sun ce haka aikin manhaja yake ko'ina, in yi haƙuri. Gaskiya ne? In zauna ko in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Manyanka sun faɗi gaskiya a gefe guda kawai. Mai ba da aiki ya canza ra'ayi a tsakiyar hanya, ko manhaja ta tsaya a lokacin da ba a zata ba, wannan halin sana'ar ne, daga Yamai har Amurka. Amma aiki ba takarda, da umarnin tsakar dare, da tozarta mutum a gaban jama'a, ba sana'ar ce ta kawo su ba. Rashin tsari ne, kuma inda ba a rubuta komai, nauyi kan ƙarami yake faɗowa.

Bari mu fara da maganar takarda, don ita ce ta fi gaggawa. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ba ta kallon sunan da ake kiranka da shi a ofis. Abin da take kallo shi ne: kana aiki ƙarƙashin umarnin wani, yana biyanka? In haka ne, kai ma'aikaci ne. Sitaji na gaskiya yana da takardar yarjejeniya, da ranar farawa da ranar gamawa, da wanda ke koya maka. Wanda ke rubuta manhajar da ake sayarwa, har ake ɗora masa laifi in ta tsaya, ya wuce ɗan koyo. Ko an ce gwaji ake yi maka, gwajin ma'aikacin dindindin ba ya wuce wata 6. Kwantaragi mai wa'adi kuwa dole a rubuce yake, in babu rubutu ana ɗaukar aikin a matsayin marar wa'adi. Aikin sati awa 40 ne, abin da ya haura ana biyansa da ƙari, kuma kowane wata na aiki yana ba ka hutun kwana 2 da rabi, wato kwana 30 a shekara.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne kuɗin da ake miƙa maka a hannu ba takardar albashi. Alamar da ke nuna an yi maka rajista a CNSS, wato asusun ƙasa mai kula da fansho da haɗarin aiki na ma'aikata, ita ce ka ga an cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashinka. In albashin jika 120 ne kafin cire komai, sefa 6,300 ke nan a wata, kamfani kuma ya ɗora nasa kason wanda ya fi naka yawa. Matasa da yawa murna suke yi da ba a taɓa musu ko dala ba. Sai ranar da mutum ya faɗi da babur a hanyarsa ta zuwa ofis, ko shekarun fansho suka zo ƙirga, sannan a gane watannin nan ba su cikin lissafin kowa. Ka je ofishin CNSS da katinka na ɗan ƙasa ka tambaya ko kana da lamba. Kafin nan ka tara shaida a wayarka da imel ɗinka na kanka: saƙonnin da ake turo maka aiki, da ranakun da aka biya ka. Amma kada ka kwafi manhajar kamfani ko bayanan masu hulɗa da shi da sunan tara shaida. Wannan laifi ne da zai juya maganar ta koma kanka.

Sai maganar saƙon dare. Yawancin masu ƙananan kamfanonin manhaja ba mugunta ke sa su haka ba. Mutum ɗaya ne ke neman kwangila, shi ke bin bashin kuɗin aikin da aka gama tun bara, shi ke amsa wayar mai aiki. Da aka kira shi da dare aka ce a ƙara shafin rahoto, sai ya ce to, ya juye muku. Illar ita ce aikin da ya shigo ta WhatsApp ba shi da girma, ba shi da wa'adi, kuma ba ya ture komai daga kan teburinka, ƙaruwa kawai yake yi. Bayan sati uku an manta an ƙara abubuwa tara, abin da ake tunawa shi ne ba ka gama kan lokaci ba.

Maganinsa ba ya cin ko sisi. Allo guda, ko Trello (manhajar jera ayyuka) ko bango da 'yan takardu masu liƙewa, a raba shi gida uku: abin da ke jira, abin da ake kai, abin da aka gama. Duk saƙon da ya shigo da dare, da safe ka mai da shi kati, ka rubuta kwana nawa zai ci, ka nuna wa mai kamfani cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wannan zai ci kwana 2. In fara shi yau in ajiye shafin biyan kuɗi, ko in gama wancan tukuna?" Ba ka ƙi aiki ba, ka mayar masa da zaɓin da dama nasa ne. In kana ƙiyasta kwanaki, ka sa lokacin gwaji da gyara a ciki, ka kuma tuna ɗaukewar wuta da yankewar intanet a zafin Afrilu da Mayu. Masu tsarin Scrum, wata hanyar tafiyar da aikin manhaja a ƙungiyance, suna yanka aiki zango-zango, yawanci sati biyu, da ɗan taro na minti 15 kowace safiya. A wurare da yawa an mai da taron nan zaman tuhuma na awa guda, kowa na kare kansa. In ya kai haka, amfaninsa ya tafi, domin ba wanda zai ce ya maƙale a gaban mai neman wanda zai kama.

Manhajar da ta tsaya kuwa, ga tambayoyin da ya kamata a yi a taron nan maimakon neman mai laifi. Wa ya duba abin da ka rubuta kafin a haɗa shi da sauran? Akwai wurin gwaji dabam, ko kai tsaye ake ɗora gyara a kan manhajar da mutane ke aiki da ita? An ajiye kwafin bayanai kafin a taɓa? In gyara ya ɓaci, minti nawa ake ɗauka a koma tsohon zubi? In yaro mai wata 11 zai iya tsayar da manhajar mai hulɗa shi kaɗai, ramin a tsarin kamfani yake, kuma gobe wani zai faɗa ciki. A dandali irin su GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye rubutunsu, ana iya kulle babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar, ta yadda ba abin da zai shiga sai mutum na biyu ya karanta ya amince. Aikin minti goma ne. A daina ɗora sabon abu ranar Juma'a da rana, lokacin da kowa ya nufi masallaci daga nan sai gida. Ka zauna ka rubuta shafi ɗaya: ƙarfe nawa abin ya faru, me ya jawo shi, yaya aka gyara, me zai hana maimaici. Ka faɗi kuskurenka a ciki ba ɓoye-ɓoye, kada ka ambaci sunan kowa, ka tura wa shugaban aikinku. Tozarta mutum a taro abu ɗaya yake koya wa ma'aikata, ɓoye kuskure, shi kuwa kuskuren da aka ɓoye a manhaja girma yake yi.

Na san a al'adarmu ƙarami ba ya musu da babba a gaban mutane, kuma ba na ce ka karya wannan ba. Ka nemi ganin mai kamfani ku biyu, ranar da ba a cikin tashin hankali. Ka tafi da buƙatu biyu kacal: kwantaragi a rubuce tare da rajistar CNSS, da amincewa cewa aikin da ya zo da dare sai safe ake ɗaukarsa, in ba manhajar wani ce ta tsaya ba. Ita ma wannan a yi mata jerin masu jiran kira, sati-sati, kowa ya san ranarsa. Bayan ganawar ka tura masa ɗan saƙon godiya mai maimaita abin da kuka tsayar da ranar da ya ce za a yi. Ku 14 ne, kun kai yawan da doka ta tanadi wakilan ma'aikata, in abokan aikinka suna da niyya.

Zama ko tafiya, amsarsa tana cikin abin da zai biyo bayan ganawar. Ka ba shi wata guda zuwa biyu. In takarda ta fito, kuma akwai babba a wurin da ke karanta aikinka yana gyara maka, ka zauna, domin irin wannan koyo yana da wuyar samu. In "sai wata mai zuwa" aka yi ta ce maka, ka fara neman wani wuri kana kan aikinka, kada ka ajiye cikin fushi. Ka gyara takardar tarihin aikinka, ka sa wasu ayyuka na ƙashin kanka a GitHub, ka riƙa leƙa tarukan masu sana'ar irin na CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni da ke Yamai. Ranar tafiya ka ba da sanarwa a rubuce, ka miƙa kalmomin sirri da kayan kamfani a gaban shaida, ka karɓi takardar shaidar aiki, wadda doka ta wajabta a ba ka. In aka hana ka ita ko haƙƙin watannin da ka yi, ofishin sufeton aiki na Yamai za ka nufa da shaidun da ka tara. Can ake fara zaman sulhu tsakaninka da kamfani, in bai yiwu ba sannan maganar ta wuce kotun aiki.