Wace Lasifikar Bluetooth Ce Ta Dace Da Amfani A Waje?

Tambaya: Ina da ƙaramar lasifika mai Bluetooth. A ɗaki tana cika kunne, amma da na fita da ita fili sai sautin ya sirance kamar ba ita ba. Yanzu ina son sayen wata. Na ga ɗaya an rubuta wat 200 a kwalinta, ɗayar kuma wat 30 amma ta fi tsada. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, lasifikarka lafiyarta ƙalau, wuri ne ya canza. A ɗaki bango da rufi suna dawo maka da sauti, shi ya sa kake jin ya yi kauri. A fili kuwa ba abin da zai tare shi, tafiya yake yi ba dawowa. Duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakaninka da lasifika, ƙarfin sautin yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma bes, wato gunjin nan na ƙasa-ƙasa, shi kunne ke fara rasawa.

Batun wat kuwa, kada lambar kwali ta ruɗe ka. Iri biyu ake rubutawa. Akwai RMS, ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa tana ta aiki, shi ne abin dogaro. Akwai kuma PMPO, ƙololuwar da take taɓawa cikin ƙiftawar ido, kuma babu ƙa'ida guda ta auna shi, kowane kamfani da irin lissafinsa. Wat 30 na RMS yana iya danne wat 200 na PMPO nesa ba kusa ba. Ko a RMS ɗin ma, ninka wat desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ƙara ƙarfi kusan sau 10.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne girman jikinta. Bes iska yake turawa, kuma wadda za ta shiga aljihu ba ta da faɗin da za ta tura iska mai yawa, komai sunan kamfanin. Mutum uku ko huɗu a zaune wuri ɗaya, mai girman gorar ruwa ta ishe su. Idan taro ne na mutum ashirin, nemi mai mariƙi wadda za ka ji nauyinta a hannu. In da hali, a kunna maka ita kafin ka biya. Ƙara murya har kusan ƙarshe, ka ja da baya taku goma. Da yawa daga cikinsu suna rage bes da kansu idan an ƙure su don kare kayan ciki, sai sautin ya bushe ko ya fara karkarwa. A nan ake gane ta ƙwarai. Bayan ka saya, riƙa ajiye ta kusa da bango ko a kusurwa, za ka ji bes ɗin ya ɗan dawo.

Tambaya: Na ga wata an rubuta IPX7, wata kuma IP67. Mai sayarwa ya ce duk ɗaya ne, ba sa jin ruwa. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ɗaya ba ne. Lambobin daga ƙa'idar IEC 60529 suke, wadda ke nuna yadda na'ura ke jure ƙura da ruwa. Lambar farko bayan IP ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, ta biyu ta ruwa. Harafin X yana nufin ba a ba ta maki a wannan ɓangaren ba. Don haka IPX7 za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, amma ba a yi miki alkawarin komai kan ƙura ba. IP67 ta haɗa duka biyun. Lasifikar Flip 5 ta kamfanin JBL, alal misali, IPX7 ce, Flip 6 da ta biyo bayanta kuma IP67. IPX4 fantsama kawai take jurewa, kada ki bari ta faɗa ruwa.

Mutane sun fi tsoron ruwa, amma a ganina ƙura da yashi sun fi yi wa lasifikar waje ɓarna, domin a hankali suke shiga ramin caji da ƙarƙashin maɓallai ba a lura ba. Ki ɗauki IP67. Ki kuma sani da ruwa mai daɗi ake yin gwajin. In ta shiga ruwan teku ko na wurin ninƙaya, ki ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, kuma kada ki sa mata caji sai ramin ya bushe sarai.

Tambaya: An rubuta a kwali cewa batirinta zai yi awa 20, amma tawa ba ta kai rabin haka. An cuce ni ne?

Amsa: Ba lallai ba, Malam. Yawanci da matsakaiciyar murya ake auna awannin nan, kai kuma a fili ƙure ta kake yi. Fitilun ado da cajin waya daga jikinta duk batir suke sha. Idan awa 6 kake buƙata, sayi wadda aka rubuta 12 ko fiye. Ka kiyaye ta daga zafi, domin batirin litiyum yana saurin tsufa idan ana barinsa a rana ko cikin mota a rufe. Zaɓi mai caji da USB-C, wayar caji ɗaya ta ishe ka da ita da wayar hannunka.

Tambaya: Zan iya haɗa tawa da ta abokina su yi kiɗa tare?

Amsa: Sai in tsarin haɗinsu ɗaya ne, kuma galibi sai 'yan kamfani ɗaya. Ko a JBL ma, masu tsarin Connect+ ba sa haɗuwa da masu tsarin PartyBoost. Sababbi sun fara zuwa da Auracast, amma ka duba sunan tsarin a takardar kowacce kafin ka saya. Wayar da ke turo kiɗan kuma ka bar ta cikin mita 10, kada ka sa ta a aljihu kana yawo cikin jama'a, domin jikin mutum yana tare siginar Bluetooth, sautin ya riƙa yankewa.