Filin Tambayoyin Lafiya: Da Na Ci Abinci Sai Barci Ya Kwashe Ni

Wasiƙun wannan karon daga Jidda da Makka da Madina suka zo, kuma duk kukansu ɗaya ne. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne, shekarata 41, ina jigilar fasinja tsakanin Jidda da Makka, wani lokaci har Madina. Da na yi azahar na ci shinkafar kabsa ko bukhari na kora da lemon gwangwani, ba a rabin awa sai idona ya fara rufewa. Abokan aikina sun ce jini ne ke barin kai ya koma ciki. Haka ne? Mene ne magani?
Direba, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da abin da ya shafi rai. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 cikin daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa 3, irin wanda mai shi ba ya ma sanin ya yi, tafiyar mita 100 ke nan babu mai riƙe da sitiyari. Saboda haka da ka ga hamma ta yi yawa, ko mota ta fara cin layi, ko ka kasa tuna mahaɗar da ka wuce yanzun nan, ka ratse gidan mai na farko. Sauke gilashi da ƙure rediyo da watsa ruwa a fuska duk na 'yan mintoci ne. Abin da ke aiki shi ne ka sha kofi mai kauri, ka saita ƙararrawar waya minti 20, ka kishingiɗa a masallacin wurin ko a inuwa. Sinadarin kafeyin yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya kama jiki, ka ga kana tashi yana fara aiki. Finjali ɗaya na gahawar Larabawa bai isa ba, ya yi ƙanƙanta. Kar ka zarce rabin awa a kwance, don idan barci ya yi nisa mutum yakan tashi kansa ya fi da nauyi.

Maganar abokan aikinka rabinta gaskiya ce. Jini yana ƙaruwa a hanji bayan an ci abinci, amma ƙwaƙwalwa tana da tsarin da ke riƙe mata rabonta, ba ta yarda a rage mata. Abin da ke faruwa daban ne. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa, kuma tsakanin ƙarfe 1 zuwa 4 na rana kuzari yakan ja baya, shi ya sa ko mai azumi yana jin kasala a wannan lokacin. Sai kuma abincin ya zo ya ɗora. Farar shinkafa tana komawa sukari a jini da sauri, hauhawar sukarin kuma tana lafar da wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin oreksin, wanda shi ke riƙe mutum a farke. Maiƙo shi ma yana sa hanji ya saki sinadaran ƙoshi, masu zuwa da mutuwar jiki. Kabsa ta haɗa duka biyun, ga kuma yawa.

Ba ka gaya mana ƙarfe nawa kake kwanciya ba, alhali a nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki. Rayuwar Hijaz, yankin Makka da Madina da Jidda, ta dare ce: a ci abincin dare wajen 11, a yi hira har 1, a tashi sallar asuba, a kama hanya. Barcin awa 4 ke nan, babban mutum kuwa awa 7 yake bukata ko fiye. Wanda jikinsa ke neman ramuwar barci, ko gurasa ya gutsura da rana sai ya yi gyangyaɗi.

Ga abin da za ka gwada har mako 2. Kar ka fita da safe ciki wayam. Ka ci ful, wato dafaffen wake, da ƙwai da rabin gurasar tamis, don yunwar safe ce ke sa a afka wa abincin rana. Da rana ka fara da salak da kaza, ka cire fatar, shinkafa ta zo daga ƙarshe, kuma kar ta wuce girman dunƙulen hannunka ɗaya da rabi. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da sitaci kimanin giram 45, farantin mutum ɗaya da ake sayarwa a gidan abinci kuwa yakan ninka haka sau uku. Ka sa a ƙulle maka sauran ka ci bayan la'asar. Idan a tire ɗaya kuke ci da jama'a, ka ja rabonka gabanka tun farko, don mai cin tire ba ya sanin abin da ya ci sai ya ga ƙasan tiren. Lemon gwangwani mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali 9. Ka musanya shi da ruwa ko laban, wato nono, marar sukari. In ka gama, ka yi tattaki minti 10 zuwa 15 a inuwa ko cikin gini kafin ka hau mota, tsokar ƙafa za ta janye wani kaso na sukarin. Ma'aunin ma tsoho ne: hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku, sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi.

Lemukan ƙara kuzari da direbobi ke so sukari ne da kafeyin a haɗe, su ɗaga ka awa ɗaya su sake ka. Kafeyin kar ya wuce miligiram 400 a yini, wato kamar kofi 4, kuma a daina daga la'asar, don bayan awa 5 rabinsa yana nan a jini yana jiran ya ɓata barcin dare. Ka kuma duba maganin mura: wanda ke da kulorfeniramin, irin su Piriton, bai dace da mai tuƙi ba.

Tambaya: Shekarata 36. Bayan cin abinci jikina yakan mutu, ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau uku cikin dare. Mahaifiyata tana da ciwon sukari, a danginmu kuma akwai sikila. Ko ni ma ya kama ni?
Uwargida, Madina

Amsa: 'Yar'uwa, barcin kaɗai ba ya nuna ciwon sukari, amma haɗuwarsa da ƙishirwa da fitsarin dare da gado ta isa a ce ki yi gwaji cikin makon nan. Ana ɗibar jini da safe bayan awa 8 ba a ci komai ba. A ma'aunin mg/dL da aka saba da shi a nan Saudiyya, ƙasa da 100 lafiya ne, 100 zuwa 125 an kama hanya, 126 zuwa sama idan an maimaita aka sake samu ciwon ne. Akwai kuma HbA1c, wanda ake ce wa tarakumi a asibitocin nan, mai nuna yadda sukari ya kasance cikin kusan wata 3: daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama ciwo.

Kin yi daidai da kika ambaci sikila, kuma lallai ki gaya wa likita. Gwajin tarakumi a jikin jajayen ƙwayoyin jini ake yinsa, to mai sikila ko mai ƙarancin jini sakamakonsa yana iya karkacewa. A irin wannan hali gwajin safe da na awa 2 bayan shan ruwan sukari sun fi abin dogaro.

Idan akwai na'urar awon sukari a gida, ki auna awa 2 daga lomar farko. Mai lafiya yakan sauko ƙasa da 140. Ki wanke hannu da ruwa ki tsane tukuna, don ɗanɗanon dabino a yatsa kaɗai yana iya ɗaga lambar ya tayar miki da hankali a banza.

Tunda za a huda ki, ki nemi a haɗa da awon yawan jini da na feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe, da TSH, gwajin aikin ƙwayar maƙoshi da ake kira thyroid. Mace mai al'ada da yawan jininta ya gaza 12 tana cikin ƙarancin jini, kuma shi ma yana kawo gajiya. Shayin da ake kurɓa a kan abinci yana rage wa hanji tsotsar ƙarfen. A jinkirta shi awa ɗaya.

Ga masu karatu da suka riga suka fara allurar insulin ko ƙwaya irin giliklazayid: kasala mai zuwa da gumi da rawar jiki da faɗuwar gaba ba barcin ƙoshi ba ce. A auna nan take. Idan ƙasa da 70 ne, a sha rabin kofin lemon 'ya'yan itace ko babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a jira minti 15, a sake aunawa.

Tambaya: Da azumi ina buɗa-baki sai jikina ya yi lis, asham a tsaye nake gyangyaɗi.
Ɗalibi, Makka

Amsa: Ɗan'uwa, sambusa da lugaimat da subiya da Vimto da shinkafa a zama ɗaya bayan yinin yunwa, ai dole. Raba shi biyu. Dabino 3, ruwa kofi 2, ɗan shorba ko kunu marar sukari da yawa, ka tashi ka yi magariba. Abinci mai nauyi ya jira bayan asham, shi ma kar a kai wuya.

Tambaya: Mahaifiyarmu ta haura 70, tana shan maganin hawan jini. Da ta ci tuwo sai ta ce jiri, ta yi ta gyangyaɗi, har sau ɗaya ta faɗi da ta miƙe za ta yi alwala.
Ɗiyarta, Misfala, Makka

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Nata ya bambanta da na direban can, kuma a nan ne zancen jini ya koma ciki yake da ƙamshin gaskiya. Idan jini ya taru a hanji, jikin matashi yakan matse sauran jijiyoyi ya ƙara bugun zuciya don cike giɓin. A jikin tsoho wannan gyaran yana makara, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari, sai awon jini ya faɗi.

Ku auna ta da na'urar awon hawan jini tana zaune kafin ta fara ci, sannan bayan minti 30, da 60, da 90, ku rubuta har kwana 3. Idan lambar sama tana sauka da 20 ko fiye, shi ne. Ku kai wa likitanta takardar, wataƙila ya matsar da lokacin shan maganin daga gab da abinci. Kar ku dakatar da maganin da kanku. Kafin nan, a rage malmalar a ƙara miya da nama, a mai da abincinta ƙanana sau 5 ko 6 a yini. Ta sha ruwa kamar kofi ɗaya da rabi minti 15 kafin ci, muddin likita bai taƙaita mata ruwa ba saboda zuciya ko ƙoda. Ta riƙa yin alwala kafin abinci, bayan ta ci kuma ta zauna a jingine awa ɗaya, in za ta miƙe a kama ta. Idan ta suma, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗau ciwo, ku kira motar asibiti a 997.

Tambaya: Maigidana yana da jiki, yana minshari sosai. Da ya ci abinci ko ana magana da shi sai barci, dare kuwa yana yin awa 8.
Matarsa, Jidda

Amsa: Uwargida, awa 8 a kan gado ba lallai barcin awa 8 ba ne. Akwai cutar da maƙogwaro ke toshewa cikin barci, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura ya ja iska ya koma, haka sau da yawa cikin awa ɗaya, gari ya waye bai san an yi ba. Ke ce za ki gane: minshari ya yanke ɗif, shiru, sai ya dawo da shaƙewa. Sauran alamu su ne ciwon kai da bushewar baki da safe, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Ki auna kaurin wuyansa da tef ɗin tela. Namijin da ya kai santimita 43 ya fi shiga haɗarin.

Rage abincin rana ba zai warkar da wannan ba. Gwajin barci ake yi, na dare ɗaya, a asibiti ko da na'urar da ake ba mutum ya kwana da ita a gida. Idan an tabbatar, akwai injin CPAP mai tura iska ta hanci ya riƙe maƙogwaron a buɗe, sannan rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine suna taimakawa. Ya guji ƙwayoyin sa barci, suna ƙara sakin maƙogwaron, kuma ya haƙura da tuƙin nesa har a duba shi. Maza da yawa sukan musa cewa suna minshari, don haka ki nemi izininsa ki naɗi sautin da waya na minti 10 idan barcinsa ya yi nisa, ku tafi da shi wurin likita.