Ribar POS ta ragu: in ƙara na'urori ko in rufe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Kano, kuma tun shekarar 2021 na ajiye teburin POS a ƙofar shagon. Lokacin ƙarancin kuɗi sana'ar ta karɓe ni, har na buɗe wasu tebura biyu na zuba yara. Yanzu da ƙyar teburan ke biyan yaran. Mai shayin layinmu yana karɓar tiransifa, mai kemis ya ajiye tasa na'urar, kuma a ɗan tsakanin nan mu shida ne masu laima. Ina da 'yan kuɗin da na tara. In ƙara na'urori ne a wasu unguwanni, ko in rufe in mayar da jarin cikin shago?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. Shawarata ita ce kada ka ƙara na'ura ko ɗaya a cikin gari, kuma kada ka rufe duka. Amma kafin mu zo kan teburan, ina so ka gane daga ina ribar da ka ci a baya ta fito, don wanda bai san mafarin ribarsa ba zai zuba jari a inda ruwa ya riga ya janye.

Ba na'urar ce ta ba ka riba ba. Giɓi ne ya buɗe tsakanin bankuna da jama'a, ka tsaya a cikinsa. Tun 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, saboda rassan bankuna sun taru a birane, ƙauyuka da unguwannin bayan gari kuma ba kowa. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka ga wannan giɓin. Ba su da rassa, ba su da injin ATM, don haka suka nemi mutane irinka su zama musu rassa. Kai ka kawo laima da tebur da tsabar kuɗi da amanar mutanen unguwa, su suka kawo na'ura da manhaja. Babu wanda zai iya shi kaɗai.

Sai ga sauya fasalin naira. A watan Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sabbin takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan maganar ranar 3 ga Maris. Ka fi ni sanin yadda makonnin nan suka kasance: layi a bakin banki tun asuba, manhajojin bankuna suna tsayawa, mutum ya tura kuɗi su maƙale kwana da kwanaki. A lokacin ne ka ci kasuwa. To amma a daidai lokacin ne kuma mai shayi da mai nama da mai adaidaita suka buɗe asusu a kamfanonin nan, saboda nasu tiransifa yana shiga nan take. Wahalar da ta kawo maka kwastomomi ita ce ta koya musu yadda za su rayu ba tare da kai ba.

Nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Da kamfanonin suka ga 'yan kasuwa sun saba da karɓar kuɗi ta waya, sai suka juya akalarsu. Maimakon su dogara ga mai laima kaɗai, suka shiga raba na'urori ga masu shaguna da gidajen mai da gidajen abinci kai tsaye, suna ba wasunsu rance bisa cinikin da suke gani yana ratsa na'urar. Ku ne kuka gina musu kasuwar, su kuma da suka girma suka sauya ta. Ban ɗauki wannan cin amana ba, haka harkar take. Bankuna ma ba su zauna ba, sun gyara manhajojinsu don kada a kwashe musu mutane. Hukuma ita ma ta biyo baya: a watan Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da Moniepoint da PalmPay da Kuda daga ɗaukar sabbin kwastomomi na wasu makonni, a shekarar aka ce masu POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a Disamba kuma harajin naira 50 kan tura naira 10,000 zuwa sama ya hau kan kwastomomin kamfanonin. Kowane mataki martani ne ga wanda ya gabace shi.

Masana kasuwanci sun daɗe da lura da wannan. A 1993 wani Ba'amurke, James Moore, ya yi rubutu a mujallar Harvard Business Review yana cewa kada a kalli kamfani shi kaɗai, a kalle shi cikin taron masu kawo masa kaya da masu saye da abokan hamayya da hukuma, waɗanda ke girma tare, kowa yana sauya ɗan'uwansa. Mu muna cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A kasuwa kuwa mai rawar ma yana sauya kiɗan.

Kenya ta riga mu bin wannan hanya. Kamfanin sadarwa na Safaricom ya fara M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, a 2007 da ƙananan wakilai masu shaguna. Da farko bankuna sun yi ta ƙorafi, daga baya suka shigo ciki, har a 2012 aka fito da M-Shwari, ajiya da rance ta waya tare da wani banki. Wakilan ba su ɓace ba, amma aikinsu ya sauya, kuma babbar matsalarsu kullum ita ce daidaita tsabar kuɗin da ke hannu da kuɗin da ke cikin asusu.

Wannan daidaitawar ita ce ainihin sana'arka, Alhaji, kuma a nan ka fi sauran masu laima biyar ɗin nan. Yaron da ba shi da komai sai na'ura, da safe sai ya je gidan mai ko wurin wani ɗan kasuwa ya sayi tsabar kuɗi, ya biya la'ada, sannan ya zo ya zauna. Ribarsa ta ragu tun kafin kwastoman farko. Kai kuwa akwatin shagonka yana tara kuɗi tun safe: mai sayen sukari rabin kwano, yarinyar da aka aiko sayen magi da omo, duk da takarda suke biya. Kuɗin nan kake miƙa wa mai cirewa, asusunka ya cika, da shi kuma ka tura wa ɗan sari a kasuwar Singa ba tare da ka ɗauki jaka ka shiga cunkoso ba. Wanda ya zo cire dubu biyar kuma sau da yawa ba ya tafiya sai ya sayi burodi. Saboda haka teburin ƙofar shago ya zauna, ko da cajin da yake kawowa bai taka kara ya karya ba. Kada ka auna shi da cajin kaɗai.

Sauran biyun ne abin bincike. Ka ba kowane yaro littafi, na wata guda, ya riƙa rubuta abu huɗu: nawa aka cire, nawa aka ajiye, cajin da aka karɓa, da abin da aka kashe wajen samo tsabar kuɗi. Ka cire albashi, da data, da kuɗin wuri, da abin da kamfani ke yanka, da asarar alat na bogi in an samu. Sannan ka kwatanta abin da ya rage da ribar da jarin zai kawo in da buhunan shinkafa ka saro da shi. Teburin da masu cirewa suka yi masa yawa, masu ajiya kuma babu, yana cin jari ne kawai. Wanda ke kusa da masu tara kuɗi da yamma, irin 'yan adaidaita da masu kayan miya, yana ciyar da kansa, don na wannan ne ake ba wancan. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin biyun zai faɗi wannan jarrabawar. Ka rufe shi, ka dawo da yaron cikin shago.

In har kana son faɗaɗawa, nemi inda giɓin bai rufe ba. A kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, mai saye yakan zo da kuɗi a waya, mai dabba kuma yana son ya ƙirga nasa a hannu. Haka manomin da ya kawo hatsi lokacin kaka. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne. Tun Disambar 2024 Babban Banki ya taƙaita abin da wakili zai ba mutum ɗaya a rana zuwa naira 100,000, jimillar abin da zai fitar kuma naira miliyan 1.2, wanda da ƙyar zai sayi manyan shanu biyu. A Agustan 2025 kuma aka ba da umarnin ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, don haka ba za ka ɗauki ta unguwarku ka tafi da ita cin kasuwa ba. Sai ka yi rajistar wuri a can, ka sami ɗan gari amintacce, ka kuma ƙulla da wani mai shago a garin da zai riƙa ba ka tsabar kuɗinsa kana tura masa. Ɗaukar kuɗi a mota daga Kano kowane mako ban yarda da shi ba, rai ya fi riba.

Kuɗin da ka tara kuwa, kaso mafi girma ya shiga shago. Ka je wurin ɗan sarin da ka fi saye a hannunsa ka nuna masa tarihin cinikinka da ke cikin na'ura, wata shida a jere. Shi ma yana neman wanda zai riƙa ɗauke masa kaya a kai a kai ya biya a kan lokaci, kuma wannan shaidar tana iya sa ya sassauta maka farashi ko ya ba ka kaya zuwa mako biyu. In kamfanin na'urarka ya yi maka tayin rance, kada ka karɓa sai ka ga jimillar abin da za ka mayar da ranar da za a fara cira, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙarin da ke kai.

Bayan wata guda ka aiko mini da abin da littattafan yaran suka nuna, tebur da tebur, mu duba wanda za a rufe.