Ƙananan girgiza ba sa nuna halin tsaga guda

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya ƙirga ƙananan girgizar ƙasa da ke aukuwa a kan tsaga guda, wato layin karaya a duwatsun ƙarƙashin ƙasa inda ɓangarori biyu ke gocewa, daga nan a gano tazarar da ke tsakanin manyan. Na daɗe ina aiki da kundayen girgizar ƙasa, kuma abin da zan ce maka shi ne lissafin yana da tushe, sai dai ba a wurin da kake son ɗora shi ba.

Ƙa'idar da masana girgizar ƙasa Gutenberg da Richter suka fitar a 1944 daga bayanan Kalifoniya ta nuna cewa duk maki ɗaya da aka hau a ma'aunin girman girgiza, yawan girgiza yana raguwa kusan ninki goma, wato inda aka samu dubu masu maki 4, a sa ran ɗari masu maki 5 da goma masu maki 6. Wannan yana tsayawa daram idan an haɗa yanki mai faɗi wanda tsagogi masu yawa suka ratsa shi. Da zarar an ware tsaga ɗaya, sai magana ta rikice. A 1984 Schwartz da Coppersmith, bayan nazarin tsagar Wasatch da ta San Andreas a Amurka, suka ce wasu tsagogin suna maimaita babbar girgiza mai girma kusan iri ɗaya fiye da yadda ƙidayar ƙananan za ta nuna, kuma har yau masana ba su gama jayayya a kan hakan ba.

Tushen matsalar shi ne na'urorinmu sun fara aiki ne a ƙarshen ƙarni na 19, alhali tsaga tana iya yin shekara ɗari biyar ba ta motsa ba. Shi ya sa ake haƙa dogon rami a gicciye da tsagar. A jikin bangon ramin za ka ga shimfiɗar baƙar ƙasa ta zo ta katse, sauranta ya zame sama ko ƙasa, sannan wata shimfiɗar yashi ta rufe su ba tare da karaya ba, alamar girgiza ta auku kafin yashin ya kwanta. Gawayin da aka tsinta a cikinsu shi ke ba da kimanin shekarar da abin ya faru.

Ko inda ake ganin tsari, ba a cika dogara da shi ba. Parkfield, wani wuri a kan tsagar San Andreas, ta yi girgiza mai maki kusan 6 a 1857, 1881, 1901, 1922, 1934 da 1966, aka yi hasashen ta gaba kafin 1993, amma ba ta zo ba sai Satumban 2004. Ni tsagar da ta yi shiru ta fi ba ni tsoro: ta Kaskadiya, a gaɓar arewa maso yammacin Amurka, ba ta cika yin ƙananan girgiza ba, amma a Janairun 1700 ta yi mai maki kusan 9, wadda igiyar ruwanta ta kai Japan.

Japan ɗin ma, duk da yawan na'urorinta, a gaɓar Miyagi an fi tsammanin mai maki 7 da ɗoriya, domin irinta aka saba gani. A Maris 2011 sassa da dama suka tsage lokaci guda, ta kai maki 9, alhali tun kafin nan masu bincike sun riga sun tono yashin da tsunamin (babbar igiyar teku da girgiza ke tayarwa) shekarar 869 ya bari a ƙarƙashin gonakin Sendai, a yankin na Miyagi.